Lissafin Jami'a da Tankin Ruwan Saman Gida

Auta: Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos. Tun makon jiya saƙonninku suke ta shigowa a kan lissafin da ake koya wa ɗaliban kimiyya da injiniyanci, don haka bari mu fara da Malama, tunda ita ce mai riƙe da alli.

Malama: Na gode, Auta. Yawancin masu saƙon sun ɗora laifin kasawar ɗalibai wajen amfani da lissafin a aikace a kan manhajar karatu, amma ni ban ga cewa nan gizo ke saƙar ba. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhajar karatu mai suna CCMAS a watan Disamba na 2022 a madadin tsohuwar, wato BMAS, ta tsara kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita, har ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi ƙorafin cewa an shiga hurumin jami'o'i. To amma ko an sauya takarda, muddin salon tambayar jarrabawa yana nan yadda yake, ɗalibi zai ci gaba da haddace tambayoyin shekarun baya ne kawai.

Injiniya: Ki ba mu misali, ranki ya daɗe.

Malama: Ɗauki tankin ruwan da ke saman gidanka. Idan ka buɗe famfon da ke gindinsa, ruwan yana zuba da ƙarfi yayin da tankin yake cike, sannan ƙarfin ya riƙa raguwa, domin saurin fitarsa ya dogara ne da tsawon ruwan da ya rage a ciki. Sai tsawon ya ninka sau huɗu kafin saurin ya ninka sau biyu, kamar yadda masanin kimiyya Torricelli ya nuna tun ƙarni na 17. Idan na rubuta wa ɗalibin aji biyu wannan lissafi a allo, zai warware shi ba tare da gumi ba. Amma idan na ce ga tanki, ga faɗin ramin da ruwan ke fita, ya rubuta lissafin da kansa ya faɗa mini lokacin da ruwan zai ƙare, sai ajin ya yi tsit. Kalkulas ɗin, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, yana kansa, abin da ba mu koya masa ba shi ne yadda ake mayar da abin duniya ya zama lissafi.

Injiniya: Haka batun matriks yake, wato lambobin da ake jerawa layi-layi don warware lissafi da yawa a tare. A makaranta mun sha wahalar mai layi uku da hannu, amma a wurin aiki, ginin bene ko layin wutar lantarki yana zuwa da dubban lambobin da ake neman ganowa, kuma kwamfuta ce ke warware su. Mu da muka yi zamanin littafin logaridim mai lamba huɗu, wanda muke ninkawa da rabawa da shi...

Auta: Wanda Yaya Injiniya yake ajiye da shi har yau.

Injiniya: Yana nan, bangonsa ya yage amma bai taɓa neman caji ba.

Auta: Kuma bai taɓa cewa babu sabis ba.

Injiniya: Ko a sanyin Disamba na Jos yana aiki.

Malama: Ku bar littafin nan ya huta. Maganar caji kuwa ba wasa ba ce, domin duk wanda ya ce a koma kwamfuta sai ya tuna da aji mai ɗaruruwan ɗalibai da wutar da ba ta da tabbas. Sai dai wannan ba hujjar zama ba ce: a cikin manhajojin kwamfuta da ake lissafi da su, MATLAB na kuɗi ne, amma Python da Octave kyauta ne, GeoGebra kuma yana aiki a wayar da ke aljihun ɗalibi. Kuma kada a fahimce ni a baibai, ban ce a daina aiki da hannu ba, domin wanda bai taɓa warware ƙaramin lissafi da biro ba, ba zai gane ranar da kwamfuta ta ba shi amsar da hankali ba zai ɗauka ba. Abin da nake nema shi ne malamin lissafi da na injiniyanci su zauna tare su tsara tambayoyi, a kuma ware maki na gaske ga aikin da ɗalibi ya auno da kansa.

Auta: Anti, mun yi niyyar taɓo rawar da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali a Abuja za ta iya takawa, amma lokaci ya ci mu.

Malama: Ai ban ma zo kan ƙididdiga ba.

Auta: Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.