Lacca kan Lambar 2,147,483,647 da Danginta

Assalamu alaikum. To jama'a ku kalli allo, ga lambar da za mu yi magana a kanta yau, 2,147,483,647. Biliyan biyu da ɗoriya ce, kuma firam ce, wato babu lambar da za ta raba ta ba saura sai 1 da ita kanta.

Daga ina ta fito? Ku jera 2 har guda 31 ku yi sau da juna, abin da kuka samu ku cire 1, shi ke nan. Duk firam mai irin wannan zubi ana kiranta firam ɗin Mersenne, sunan wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648, kuma tamu ita ce ta takwas a jerinsu. Wani abin ma, shi kansa 31 ɗin ɗan gidan ne, don 2 guda biyar sun ba da 32, a cire 1. Amma fa kar ku ɗauka duk sanda aka yi haka firam ake samu, ku gwada da 2 guda 11, za ku samu 2047, kuma 23 sau 89 ne.

Yanzu ku nutsu, nan ne wurin da na fi so. Ku dubi 23 da 89 ɗin nan da kyau, 22 shi ne 11 ɗinmu sau biyu, 23 kuwa 22 ne da 1, 89 kuma 22 sau huɗu da 1, wannan ba dace ba ne, ƙa'ida ce ta gidan gaba ɗaya. Da ita Euler, wani babban masanin lissafi, ya yi aiki a 1772 don tabbatar da cewa lambarmu firam ce, lokacin idonsa ya kusan mutuwa, babu kwamfuta babu kalkuleta. Ya san duk abin da zai raba tamu dole ya zama ninkin 62, wato 31 sau biyu, da ƙarin 1, kuma ba sai an wuce 46,340 wajen nema ba, don 46,341 sau kanta ta riga ta haura tamu, sai ya ƙara tacewa ya gwada 'yan kaɗan ɗin da suka rage, babu wadda ta raba. Wallahi abin yana burge ni, sanin dangin lambar ne ya rage masa aikin.

Masu furogiramin ma sun san ta, ita ce iyakar da kwamfuta ke ƙirgawa da bit 32, wato gurabe 32 na 0 ko 1, idan an ware ɗaya na alamar ƙari ko ragi, shi ya sa agogon wasu tsofaffin na'urori masu ƙirga daƙiƙa ta wannan hanya zai cika ranar 19 ga Janairu 2038.

Firam mafi girma da aka gano a Oktoba 2024 ita ma 'yar gidan ce, 2 guda 136,279,841 a cire 1, jerin alƙalumanta ya haura miliyan 41. Ko 'yan gidan Mersenne suna ƙarewa ko ba sa ƙarewa, har yau masana lissafi ba su warware ba.

Aikin gida: 2 guda 13 a cire 1, wato 8191. Ninkin 26 da ƙarin 1 kawai za ku gwada, kar ku wuce 90. Mai tambaya ya ɗaga hannu.