Yadda ake riƙe hannun sabon ma'aikaci

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. A ce yau an haɗa ka da sabon ma'aikaci, an ce ka riƙe hannunsa har ya gane kan aiki. Ta ina za ka fara?

Da yawanmu da surutu muke farawa. Ya kawo matsala, kafin ya rufe baki mun ba shi amsa. To ranar da ba ka nan fa? Sai ya tsaya cak. Saboda haka idan ya zo, tambaye shi: me ka gwada? Me kake ganin ya jawo haka? Sannan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, musamman ga wanda ya kwana biyu a bakin aiki, amma a cikinsa ne mutum ke koyon tunani da kansa.

Gyara kuma a keɓe ake yinsa. "Aikinka bai yi ba" magana ce da ba ta koya wa kowa komai. Ka ce masa: "A taron jiya sau biyu ka katse abokin ciniki, shi ya sa bai ƙarasa faɗin buƙatarsa ba." Ya ji lokacin, ya ji abin da ya yi, ya ji abin da ya haifar.

Ku tsayar da lokacin zama, ko minti 30 ne duk mako biyu, kuma kada kai ka zama mai ɗagawa. Abin da ya faɗa maka a asirce ya tsaya tsakaninku.

Kar ka ɗauka shi kaɗai ne zai ƙaru. A 1999 Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric na Amurka a lokacin, ya sa manyan manajojinsa suka zauna gaban matasan ma'aikata suna koyon intanet.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: rabuwa. A 1983 mai bincike Kathy Kram ta nazarci irin wannan alaƙa guda 18, ta ga tana bin matakai huɗu: farawa, ginuwa, rabuwa, sai komawa abokan aiki. A mataki na ukun nan ake yawan samun tangarɗa, don wani jagoran ba ya son saki. Idan ka ga ya daina zuwa da tambaya, sai dai ya zo ya gaya maka abin da ya riga ya warware, rage zaman, ka ambaci sunansa a inda ake rabon manyan ayyuka.