Yadda nake ɗaukar sikirin da muryata in haɗa darasi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau zan nuna muku yadda nake haɗa irin wannan bidiyon da kuke kallo, ga sikirin ɗin kwamfuta yana motsi ga kuma muryata a kai ina bayani. Manhajar da ke gabanku sunanta OBS Studio, kyauta ce ko kwabo ba za ka biya ba, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tun 2012 ake amfani da ita. Akwai Camtasia ma mai kyau amma ta kuɗi ce, in kuma waya kaɗai gare ka to ja sikirin daga sama ka duba, tun daga Android 11 akwai abin rikodin a ciki, sai dai ka tabbata ka kunna makirfo kafin ka fara.

To ku duba nan ƙasa inda aka rubuta Sources, ka danna alamar ƙari ka zaɓi Display Capture, shi ke nan sikirin ya shigo. Wannan ɓangaren ba wuya, minti ɗaya ka gama. Inda aikin yake shi ne murya, kuma wallahi nan ne nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, domin mutum zai iya haƙura da hoto mai ɗan dishi-dishi amma in muryarka tana can nesa kamar daga cikin rijiya, ga ƙarar fanka ga janaretan maƙwabta, ba zai kai ƙarshe ba, zai wuce ne kawai kuma ilimin da ka sha wahalar shiryawa ya tafi a banza.

Ba sai ka sayi makirfo mai tsada ba. Iyafis ɗin wayarka ma ya fi makirfon jikin laftof, saboda shi na laftof yana kwasar ƙarar madannai da fankar cikin injin. Matso da shi kusa, kamar tazarar taƙi ɗaya daga bakinka, amma ka ɗan karkatar da shi gefe don iskar bakinka kar ta riƙa dukansa. Ɗaki mai labule da katifa da kafet ya fi falo wanda ba kaya, kayan ne ke shanye amsa-kuwwa. Ni da sassafe nake yi bayan asuba, kafin unguwa ta tashi. Yanzu ku kalli wannan layin da ke rawa in na yi magana, kore ne sai rawaya sai ja, kana so muryarka ta riƙa wasa cikin rawaya, in ta manne a ja to ta fashe kuma babu editin da zai gyara ta. Sai ka shiga Filters na makirfon ka saka Noise Suppression, yana rage shuuu ɗin nan na baya sosai.

Wani abu kuma da ya taɓa ƙona min rai, na yi darasin Excel na kusan minti 20 ana gab da gamawa aka ɗauke wuta, batirin laftof ɗin ba ya riƙe caji, da na kunna fayil ɗin ya ƙi buɗewa gaba ɗaya saboda a nau'in fayil ɗin bidiyo na MP4 na ɗauka. Tun ranar a wani nau'in fayil mai suna MKV nake ɗauka, shi ko injin ya mutu abin da ka riga ka ɗauka yana nan, in ka gama sai ka je File ka danna Remux Recordings ya mayar maka da shi MP4 nan da nan.

Kafin ka danna Start Recording, don Allah tuna wa zai kalla. Yawancin mutanenmu a waya za su kalla, sikirin ƙarami, data kuma da tsada, rubutun da kake gani raɗau a laftof shi can kamar tururuwa yake ganinsa. Ƙara girman rubutun, a burauza ka danna Ctrl da alamar ƙari har sai ya cika ido. Rufe WhatsApp da duk wani saƙo da zai iya faɗo maka, kar lambar wani ko hirar gida ta fito a bainar jama'a. Sannan maus, kar ka riƙa yawo da shi kana zagaye sikirin kana magana, idon mai kallo shi yake bi, ka faɗi abin da za ka danna tukun, sai ka kai maus wurin, ka ɗan dakata, sannan ka danna. Shi mai koyo yana can yana binka ne da hannunsa.

In ka yi tuntuɓen harshe kar ka tsayar, yi tafi ɗaya da ƙarfi ka maimaita jimlar, wajen editin za ka ga tafin ya yi tsini a layin sauti sai ka yanke wurin cikin sauƙi. Kuma bidiyo ɗaya abu ɗaya, in yadda ake tara lissafi a Excel ne to shi kaɗai, minti 5 ya isa.

Yanzu ka gwada sakan 30 kawai, ka tura wa wayarka, ka saurara ba tare da iyafis ba a inda ake hayaniya. In ka ji kowace kalma kuma ka iya karanta rubutun, koma ka ɗauki darasin gaba ɗaya. Sai mun haɗu a na gaba, zan nuna yadda ake rage nauyin fayil da manhajar HandBrake.