Yadda za ka gyara CV ɗinka har a kira ka intabiyu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar CV za mu yi, wato takardar bayanin karatunka da ayyukanka da ake turawa wajen neman aiki, musamman kai ɗan'uwa ko ke 'yar'uwa da kuka tura takardu wuri goma wuri ashirin amma shiru kake ji, ko kira ɗaya babu.

Bari in fara da wani labari. Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci, mai zanen nan na Italiya, ya rubuta wa Ludovico Sforza mai mulkin Milan wasiƙar neman aiki. Kun san me ya sa a gaba? Gadoji marasa nauyi da sojoji za su iya ɗauka, da igwa, da dabarun rusa ganuwar abokan gaba. Zane kuwa sai can ƙarshe ya ambace shi a taƙaice, don ya san mutumin nan injiniyan yaƙi yake buƙata, shi ya sa ya fara da abin da ke damun mai ɗaukar aikin.

To nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, mutum ya haɗa CV ɗaya tun shekara uku da suka wuce yana ta watsa shi ko'ina, banki shi, makaranta shi, asibiti shi. Dan Allah kafin ka tura ka zauna ka karanta tallan aikin sau biyu, ka ja layi a ƙarƙashin abubuwan da suka ce suna so, in sun ce Excel, manhajar lissafin nan ta kwamfuta, kuma ka iya, to kalmar Excel ta fito ɓaro-ɓaro a takardarka. Dalili kuwa, manyan kamfanoni da yawa suna amfani da wata manhaja da ake kira ATS, ita take karɓar takardun ta adana, mai tantancewa kuma ya riƙa bincika su da kalmomi. In ka cika shafin da tebur-tebur da akwatuna da ado, wani lokacin manhajar sai ta hargitsa rubutun, gwaninta kana da ita amma ba a gani ba.

Yanzu ga inda nafi so ku nutsu, wato wajen bayanin aikin da ka taɓa yi. Dubi wannan layin: "Ina kula da sito." Shikenan, ba abin da ya faɗa mana, duk wanda aka ba mukulli zai iya rubuta haka. Yanzu dubi wannan: "Na mayar da lissafin kayan sito daga littafi zuwa kwamfuta, ƙidayar da ake kwana 3 ana yi ta koma wuni ɗaya." Kun ji bambancin ko? Mutum ɗaya ne, aiki ɗaya ne, amma na biyun ya nuna me ya canza a wurin saboda zuwansa. Ka tambayi kanka mutum nawa na koyar, kwastoma nawa nake sallama a rana, me na tarar a lalace na gyara. Amma fa lambar ta zama gaskiya, domin ranar intabiyu za a tsare ka da tambaya a kanta, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wanda bai taɓa aikin albashi ba kar ya karaya, aikin sa kai, firojet ɗin makaranta, koyon sana'a, duk suna shiga in dai sun shafi aikin.

Tsari kuma ba wuya. Suna da lambar waya da imel a sama, layi biyu ko uku kan waye kai a sana'a, sai ayyuka daga na baya-bayan nan zuwa tsoho, sai karatu. Sabon shiga shafi ɗaya ya ishe shi, mai gogewa biyu. Hoto da ranar haihuwa ya danganta da ƙasa, a Amurka da Ingila galibi ba a sawa saboda gudun nuna bambanci, a Jamus kuwa an saba ganin hoto.

Na ƙarshe, kuma wallahi wannan har yau yana min ciwo. Akwai wani ƙanina da na taɓa duba wa CV bayan ya yi wata da watanni yana turawa, komai tsaf, ashe lambar wayarsa ce babu lamba ɗaya a tsakiya. Na buga a gabansa taƙi shiga, ya riƙe kai ya kasa magana. Saboda haka in ka gama, ka ba wani ya karanta maka da ƙarfi, ya kira lambar da ke jiki ka ji ta yi ƙara a aljihunka. Imel ɗin ma ya zama na sunanka, a ajiye na laƙabin samartaka. Sai ka mayar da fayil ɗin PDF, in ba sun ce Word suke so ba, ka sa masa cikakken sunanka da CV, ka buɗe shi a waya ka tabbatar layukan ba su tarwatse ba, sannan ka tura.