Amsoshin Tambayoyinku: Ganyen Aluguntugui da Ciwon Daji

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan Kumasi. Wasiƙar farko ta fito daga wata baiwar Allah a Aboabo. Ta ce an gano wa yayarta sankarar mama a asibitin Komfo Anokye, har an sa ranar fara magani, sai maƙwabciya ta ce su bari, su riƙa dafa ganyen aluguntugui (itacen da Bature ke kira soursop) safe da yamma, wai ai maganin asibitin ma daga itace ake yin sa. Shin haka ne?

To Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Maƙwabciyarku ta kama gaskiya ta wutsiya ne. Kin san ɗan furen nan fari ko ruwan hoda, mai kunnuwa biyar, da ake shukawa a gindin katanga, wanda ko rani bai cika kashe shi ba? Asalinsa daga Madagaska ne. A shekarun 1950, Robert Noble da Charles Beer a Kanada suka gwada shi, don sun ji mutanen Jamaika na shan ruwansa saboda ciwon suga. Sugan bai sauka ba. Abin da ya sauka shi ne fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen gwaji. Daga nan aka fitar da binblastin a 1958, sai ɗan'uwansa binkiristin, wanda har gobe yana cikin magungunan da ake ba yara masu sankarar jini da kumburin muƙamuƙin nan na Burkitt. Aikinsu shi ne hana ƙwayar cutar rabuwa biyu.

Amma fa sai an tara ganye ɗaruruwan kilo kafin a tace giram ɗaya, likita ya auna tsayi da nauyin mara lafiya, a sa maganin ta jijiya. Tukunyarki ba ta da wannan ma'auni.

Shi aluguntugui, an ga sinadaransa suna kashe ƙwayoyin daji a cikin kwalbar gwaji. Kwalba kuwa ba ta da hanta, ba ta da ƙoda. Babu gwajin da ya nuna ganyen yana warkar da sankara a jikin mutum, kuma a tsibirin Gwadalup likitoci sun danganta yawan shansa da wata cutar jijiyoyi mai kama da makyarkyata. Kada yayarki ta tsallake ranar fara maganin nan, Hajiya. In akwai abin da take sha a gida, ko zogale ne, ku ɗauki kwalbar ku nuna wa likita, kar ku ji kunya.

Wani malami daga Asawase kuma ya tambaya ko mu nan Ghana muna binciken namu itatuwan. Ana yi, Malam. Akwai cibiyar binciken magungunan tsirrai a Mampong Akuapem tun 1975, wadda Dokta Oku Ampofo ya assasa, ga kuma jami'ar KNUST nan kusa da ku tana ba da digiri a fannin. Saiwar nibima da aka sani da maganin zazzaɓin cizon sauro ma ana duba sinadarinta kan ƙwayoyin daji, amma maganar tana ɗakin gwaji tukuna. Wanda ya tare ka da lasifika a Kejetia ya ce kwalbarsa na maganin daji, ka tambaye shi lambar rajistar FDA, wato hukumar kula da abinci da magunguna, ka kuma karanta cutar da aka yi mata rajista a kai.