Hayaƙin murhu da tsadar gas

Jama'a masu sauraronmu, sharhinmu na yau ya shafi hayaƙin girki.

Duk wanda ya taɓa leƙa madafa da damina, ya tarar da uwa da goyo a baya tana hura ɗanyen itace, idanunta na zubar da hawaye, rufin ɗakin kuma ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, to ya ga matsalar da idonsa, domin abin da ya manne a rufin nan shi ne ke shiga huhunta da na jaririnta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Wannan murhun kuma shi ne ke cinye dazuzzuka, kamar yadda motocin itace da buhunan gawayi masu shiga Kano da Yamai kullum ke shaidawa.

A watan Mayun 2024 an yi taro a birnin Paris kan girki mai tsabta, wato marar hayaƙi, a Afirka, inda aka yi alkawarin dala biliyan 2.2. Alkawari ne mai kyau, amma ya kamata masu kashe kuɗin su dubi abin da ya faru a Indiya. Tun daga 2016 gwamnatin ƙasar ta raba wa miliyoyin mata matalauta tukunyar gas a ƙarƙashin shirin Ujjwala, sai dai da yawa daga cikinsu, da gas ɗin farko ya ƙare, sun koma ga itace da kashin shanu, saboda kuɗin sake cikawa ya fi ƙarfinsu. Ba jahilci ne ya mayar da su ba, lissafin cefane ne.

A ganinmu, bikin rabon tukwane a gaban kyamara shi ne ɓangare mafi sauƙi. Aikin gaske shi ne a kai wurin cika gas kusa da ƙauye, a sauƙaƙa farashinsa, a kuma bai wa magidanci damar sayen kilo ɗaya ko biyu gwargwadon aljihunsa, kamar yadda yake sayen gawayi a ƙulli. Inda gas bai isa ba tukuna, murhu mai tsimin itace da madafa mai taga za su rage hayaƙin da mai goyo ke shaƙa.