Abincin Mai Ciki da Saƙonnin Ƙwaƙwalwar Jariri

A ranar awon ciki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a ƙananan asibitocin Tudun Wada da Samaru, akan ba mace ƙwayoyin ƙarin jini. Mata da yawa suna ɗauka don jikinsu kaɗai ake ba su, alhali kuwa ƙwaƙwalwar ɗan da ke cikinsu tana da babban rabo a ciki.

Ƙwaƙwalwar baligi tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai ɗan tazara, saboda haka idan ɗaya za ta isar da saƙo, sai ta saki wani sinadari ya tsallaka. Biyu daga cikin irin waɗannan sinadarai su ne dofamin da serotonin, waɗanda ke da hannu a motsi da barci da natsuwa. Jiki yana ƙera su ne daga abinci mai gina jiki, irin su wake da ƙwai da kifi, amma ƙirar ba ta yiwuwa sai da sinadarin ƙarfe, wanda shi ne ke cikin ƙwayoyin ƙarin jini. Wannan ƙarfen dai ake bukata wajen yi wa jijiyoyi rufi mai maiƙo, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, kuma idan rufin bai yi kauri ba, saƙo yakan yi jinkiri a hanya.

An ga zurfin tasirin abincin mai ciki ga ƙwaƙwalwar jariri a ƙasar Holan, inda aka yi yunwa mai tsanani a hunturun 1944 zuwa 1945. Yaran da yunwar ta samu uwayensu a farkon ɗaukar cikinsu, da suka girma, cutar taɓin hankali ta sikizofireniya ta kama su kusan ninki biyu na sauran.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sha ƙarfe miligiram 30 zuwa 60 kullum, tare da maikirogiram 400 na wani bitamin mai suna folik asid. Sai dai akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare a gidajenmu, wato haɗiye ƙwayar da shayin safe. Ganyen shayi yana rage wa hanji ikon tsotsar ƙarfen, lemon zaƙi ko gwaiba kuwa suna ƙara masa, don haka ya fi kyau a bar tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin ƙwayar da kofin shayi.